'Yar Gado a Dandamali: Nazarin Rayuwa da Sana'ar Liza Minnelli

A watan Nuwamban 1964 gidan wasa na Palladium da ke Landan ya cika maƙil, an zo kallon Judy Garland, mawaƙiyar da a zamaninta ba a haɗa ta da kowa a Amurka. Tare da ita a dandamali akwai 'yarta ta fari, Liza Minnelli, mai shekara 18. Duk wanda ya kalli hoton wasan zai lura da wani abu: ana tsakiyar waƙa uwar takan miƙa hannu ta tura makirufon 'yar kusa da bakinta. Ana iya cewa gyara ne irin na uwa, ana kuma iya cewa tuni ne ga yarinya, don ta san a dandamalin wa take tsaye. Liza ta sha ba da labarin wannan dare. Da aka fara, mamanta ce a gefenta. Da tafi ya soma karkata wajenta, sai ta waiga ta ga wata daban, Judy Garland ta gaske, ta sake shafa jan-baki ta fito da shirin gasa.

Masu sana'a sun san bambancin ɗan gado da ɗan haye. Ɗan haye yana wahalar samun ƙofa, amma in ya shiga ba a auna shi da kowa. Ɗan gado ƙofa a buɗe yake tarar da ita, sai dai daga ranar farko da mudun mahaifinsa ake auna shi. Liza ta gaji iyaye biyu, kowannensu gagarabadau a fagensa, kuma abin da ya fitar da ita daga inuwarsu tsari ne da wasu mutane ƙalilan suka ɗinka daidai jikinta. Tsarin ya kai ta ƙololuwa cikin shekara bakwai, shi ne kuma ya taƙaita mata hanya daga baya.

Abin da ta tarar a gida

An haife ta a Los Angeles ranar 12 ga Maris 1946. Mahaifinta, Vincente Minnelli, darakta ne a kamfanin finafinai na MGM, shi ya ba da umarnin Meet Me in St. Louis a 1944, fim ɗin da ya haɗa shi da Judy har suka yi aure a 1945. Daga baya ya ci lambar Oscar ta gwarzon darakta da fim ɗin Gigi na 1958. Ita kuwa Judy tun tana yarinya MGM ta ɗauke ta, ta yi suna da The Wizard of Oz a 1939, kuma tun a waɗannan shekarun aka saba mata da ƙwayoyi, na hana ƙiba da ƙara kuzari da rana, na barci da dare. Kamfanin ya rabu da ita a 1950, auren ya mutu a 1951, Liza tana da shekara biyar.

Daga nan yarinyar ta tashi tsakanin gidaje biyu da ba su yi kama ba. A wajen uba ta koyi kallo: bayan makaranta takan je MGM ta zauna a ɗakin gwajin rawa tana ganin yadda Gene Kelly da Fred Astaire ke maimaita taku ɗaya har sai ya zauna, tana ganin yadda mahaifinta ke zaɓar launi da haske. Tun tana kusan shekara uku aka nuna ta a ƙarshen In the Good Old Summertime, fim ɗin mahaifiyarta na 1949. A wajen uwa kuma ta koyi yadda ake riƙe zauren da ya cika da mutane, ta kuma koyi zaman otal-otal, da bashin haraji, da sauya makaranta kusan kowace shekara, da jinyar babba tun ba ta isa ba. Ƙannenta biyu na wajen uwa, Lorna da Joey Luft, sun biyo ta cikin wannan rayuwa.

Tana kimanin shekara 16 ta koma New York da ƙafarta. Hollywood garin iyayenta ne, kuma fim ne ya yi su. Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, fage ne da Judy ba ta taɓa fitowa a cikin wasan kwaikwayo mai labari ba, ko da yake ta cika zaurukan birnin da waƙa. Liza ta fara daga ƙaramin gidan wasa da wasan Best Foot Forward a 1963. Babu shakka sunan iyaye ne ya jawo 'yan jarida zuwa irin wannan ɗan wasa, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Amma ta fita da lambar Theatre World, wadda ake ba sababbin shiga da suka yi fice.

Waɗanda suka ɗinka mata riga

A 1965 aka shirya Flora the Red Menace, wasan farko da John Kander mai tsara kiɗa da Fred Ebb mai rubuta baiti suka kai Broadway tare. Daraktan, George Abbott, tsohon hannu ne, kuma da farko bai so ta ba, sai da ta yi ta zuwa tantancewa. Wasan bai yi kasuwa ba, sau 87 kawai aka yi shi aka rufe. Duk da haka ta ci lambar Tony, wadda ake bayarwa a Broadway, ta gwarzuwar jaruma a wasan waƙa tana shekara 19. Ribar da ta fi lambar ita ce Fred Ebb, wanda ya ɗauke ta tamkar aikin hannunsa har ya rasu a 2004.

Abin da Ebb ya yi mata ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ƙashin bayan sana'arta. Mawaƙin gidan rawa a Amurka ta wancan lokaci yana buƙatar shiri na kusan awa ɗaya: waƙar buɗewa, da 'yar hira tsakanin waƙoƙi, da inda za a sassauta, da inda za a tayar da zaure, da waƙar rufewa. Ebb ya rubuta mata duka, har da hirar da mai kallo zai ɗauka daga bakinta take fitowa nan take. Ya kuma gane matsalarta ta asali, wato mutane suna zuwa ne su ji muryar Judy a bakin 'yarta. Sai ya rubuta mata waƙa a kan sunanta, Liza with a Z, waƙar barkwanci mai saurin baki da ke koya wa mutane yadda ake furta sunan da yadda ake rubuta Minnelli. Dabara ce mai kyau: cikin 'yan mintoci zaure ya maimaita sunanta da na mahaifinta har ya haddace, ba a ambaci Garland ba. Tare da wannan akwai dokar da ta riƙe shekaru da dama, ba ta rera Over the Rainbow, waƙar bakan-gizo da aka san uwarta da ita.

Na biyu shi ne Charles Aznavour, mawaƙin Faransa. A wajensa ta ɗauko salon mayar da kowace waƙa ƙaramin wasan kwaikwayo. Ta sha bayyana yadda take aikin: kafin ta rera waƙa sai ta zauna ta tsara macen da ke magana a cikinta, shekarunta nawa, ina take zaune, me ya same ta kafin ta buɗe baki, da wa take magana. Shi ya sa waƙarta ta fi daɗi a gani fiye da a ji. Muryarta mai ƙarfi ce, daga ƙirji take turo ta, amma ba ta kai ta Judy laushi da zaƙi ba, ita ma ba ta taɓa musun haka ba. Inda ta fi uwarta shi ne rawa da sarrafa jiki.

Kay Thompson, uwar ɗakinta tun tana jaririya kuma tsohuwar mai horar da murya a MGM, ita ta koya mata tsayuwa da fitowa gaban jama'a, musamman bayan rasuwar Judy. Halston mai ɗinki ya warware wata matsala ta zahiri: Liza na zuba gumi sosai a dandamali, kuma yadi na yau da kullum yana nuna jiƙa a ƙarƙashin fitila. Ya riƙa ɗinka mata kaya masu ƙyalƙyali tun daga wuya har ƙasa, ja ko baƙi ko fari, ta yadda gumi ke ɓacewa cikin sheƙi. Gajeren baƙin gashi da dogon gashin ido suka cika siffar, har ta kai ko inuwarta aka gani an san ita ce.

Judy ta rasu a Landan ranar 22 ga Yuni 1969, tana da shekara 47, sanadin ƙwayar barci da ta wuce kima. Liza, mai shekara 23, ita ta tsaya kan jana'izar a New York, inda dubban mutane suka yi layi. Ta faɗa da bakinta cewa a wannan makon ne likita ya rubuta mata Valium don ta samu natsuwa, kuma daga nan abin ya samo asali. A shekarar ne kuma The Sterile Cuckoo ya fito, inda ta fito a matsayin ɗaliba mai kaɗaici, babu waƙa babu rawa, aka sa ta cikin masu takarar Oscar karo na farko.

Shekarar 1972

Lokacin da aka shirya Cabaret, wasan waƙa na Kander da Ebb, a Broadway a 1966 ta nemi matsayin Sally Bowles, furodusa Harold Prince ya hana ta. Hujjarsa ita ce Sally 'yar Ingila ce, kuma a labarin asali na Christopher Isherwood mawaƙiya ce ta ƙaramin kulob wadda ba ta iya waƙa sosai ba. Da aka zo yin fim, darakta Bob Fosse da abokan aikinsa suka juya abin ya dace da Liza. Sally ta koma Ba'amurkiya. Aka zubar da waƙoƙin da mutane ke ɓarkewa da su a ɗaki ko a titi, aka bar waɗanda ake rerawa a dandamalin kulob ɗin kawai, in ban da guda ɗaya da wani matashin ɗan Nazi ya tayar a wani lambun shan giya. Kander da Ebb suka ƙaro sababbin waƙoƙi, aka kuma shigo da Maybe This Time, tsohuwar waƙarsu da Liza ta riga ta sa a faifai tun 1964. An ɗauki fim ɗin a Jamus ta Yamma, labarin kuwa na Berlin ne a 1931, lokacin da 'yan Nazi ke tasowa.

Wannan tsari ya yi daidai da zamaninsa. A ƙarshen shekarun 1960 manyan finafinan waƙa sun jawo wa kamfanoni asara, 'yan kallo sun gaji da mutumin da zai bar magana ya kama waƙa ba dalili. A Cabaret kowace waƙa tana da dalili, domin aikin Sally ke nan. Ya kuma yi daidai da Liza, tunda abin da ta fi iyawa, wato tsayawa gaban zaure, shi aka ɗora wa kyamara. Har yanzu akwai masu cewa ta fi ƙarfin matsayin, mace mai irin wannan baiwa ba za ta maƙale a ƙaramin kulob ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma fim ɗin ya ci Oscar takwas a bikin Maris 1973, har da na Fosse da na abokin wasanta Joel Grey da nata, ko da yake The Godfather ne ya ɗauki na gwarzon fim. Mahaifinta na zaune kusa da ita aka kira sunanta.

Kafin nan, ranar 31 ga Mayu 1972, Fosse da Ebb sun tara 'yan kallo a gidan wasa na Lyceum a New York, suka kafa kyamarori takwas masu fim na milimita 16, suka ɗauki wasanta a dare ɗaya. Zaɓen fim maimakon bidiyon talabijin da gangan ne, don hoton ya fito da zurfi irin na silima, kuma a samu kusurwoyi da yawa wajen tacewa. Tashar talabijin ta NBC ta nuna shi a Satumba da sunan Liza with a Z, ya ci lambar talabijin ta Emmy guda huɗu. Tana shekara 27 ta riga ta haɗa Tony da Oscar, ga shirinta ya kwashi Emmy.

Inda fim ya ƙi

Finafinai uku da suka biyo baya duk sun faɗi, kowanne da dalilinsa. Lucky Lady na 1975, tare da Gene Hackman da Burt Reynolds, an ɗauki yawancinsa a kan teku a gaɓar Meziko, aiki ya yi ta ja, kuɗi suka yi ta tafiya, sannan aka sauya ƙarshen labarin bayan gwajin 'yan kallo, ba da son ranta ba. A Matter of Time na 1976 shi ne burin uba da 'ya na yin aiki tare, amma kamfanin da ya zuba kuɗi ya karɓe fim ɗin ya yanka shi yadda ya ga dama, Vincente ya barranta da shi, bai kuma sake yin wani fim ba har ya rasu a 1986.

Na ukun ya fi ciwo. New York, New York na Martin Scorsese ya haɗa ta da Robert De Niro a 1977. Scorsese ya so ya gina birni na kwali irin na tsofaffin finafinan MGM, sannan ya sa jarumai su riƙa ƙirƙiro magana nan take kamar a finafinansa na titi. Hanyoyin biyu ba sa shan inuwa ɗaya: ginin studiyo yana son a san komai tun kafin a kunna kyamara, ƙirƙirar magana kuwa tana sauya labari kullum. Tacewar farko ta wuce awa huɗu, aka yi ta yanka, har aka cire wani dogon fage na waƙa da rawa da ya ci kuɗi masu yawa, sai a 1981 aka mayar da shi. Fim ɗin ya fito wata ɗaya bayan Star Wars, lokacin da hankalin 'yan kallo ya koma wani wuri. Abin da ya tsira shi ne waƙar taken, wadda Kander da Ebb suka sake rubutawa bayan De Niro ya raina ta farko. Ita ma Frank Sinatra ya sake rerawa, tasa ta fito a 1980, duniya ta ɗauka tasa ce. An yi wani lokaci da filin wasan ƙungiyar baseball ta Yankees da ke New York ke sa ta Sinatra in an ci, ta Liza in an sha kashi.

A ganina matsalar ta wuce rashin sa'a. Rigar da aka ɗinka mata ta zauna mata sosai, har ya zama da wuya darakta ya gan ta a matsayin matar gida ko ma'aikaciyar ofis. Komai nata babba ne, ido da murya da motsin hannu, an gina su don na kujerar ƙarshe a zaure ya gani, ita kuwa kyamara kusa take. Arthur na 1981 ya yi kasuwa sosai, amma fim ɗin Dudley Moore ne, ita rakiya ta yi. Kasuwar faifai ma ba ta karɓe ta ba, domin salon waƙarta na zamanin iyayenta ne, matasa kuma sun koma kiɗan rock. Sai a 1989, da mawaƙan Birtaniya Pet Shop Boys suka shirya mata kundin Results, waƙarta Losing My Mind ta kai ta shida a jadawalin Birtaniya.

Dandamali da kuɗin da jiki ya biya

Dandamali ne ya riƙe ta. A 1975 Gwen Verdon, jarumar wasan Chicago, ta kwanta tiyatar maƙogwaro, wasan kuma yana tangal-tangal. Liza ta haddace matsayin cikin kusan mako guda ta riƙe shi mako biyar. Ba a sa sunanta a allon ƙofa ba, sai dab da ɗaga labule ake sanarwa ta lasifika cewa yau Liza Minnelli ce za ta fito. Labari ya bazu, tikiti ya yi wuya, wasan ya farfaɗo. Wasan The Act ya kawo mata Tony a 1978, duk da surutun da aka yi da aka gano ana sa muryarta da aka naɗa a wasu wuraren da rawa ta yi tsanani. A 1987 ta yi mako uku a jere a Carnegie Hall, zauren da uwarta ta yi shahararren wasanta na 1961.

Irin wannan aiki yana cin jiki. Ƙa'idar Broadway wasa takwas ne a mako. Mai turo murya daga ƙirji yana matsa tantanin muryarsa da ƙarfi a kowane dogon sauti, in aka haɗa da taba da giya da rashin barci sai tantanin ya kumbura, ya yi ƙulli, murya ta dushe, karkarwarta ta faɗaɗa. Liza tana yin wannan ne tana rawa irin ta Fosse, mai karya kafaɗa da ƙugu, alhali ƙashin bayanta a karkace yake tun asali. Dare kuma ba ya ƙarewa da saukar labule, shekarun 1970 nata sun wuce tsakanin gidan Halston da kulob ɗin Studio 54. A 1984, tana cikin wasan The Rink da Chita Rivera, ta bar aiki ta shiga cibiyar Betty Ford don rabuwa da giya da ƙwayoyi. Ta sake komawa irin wannan jinya a 1985, da wasu lokuta bayan nan har 2015. Bambancinta da Judy a nan shi ne ta fito fili ta kira abin da sunansa, ciwo ne, kuma a zamaninta akwai inda ake zuwa.

Aure huɗu ta yi, da Peter Allen, da Jack Haley Jr., da Mark Gero, da David Gest, duk suka mutu, ba ta kuma samu haihuwa ba bayan ɓarin da ta yi ta yi. An sauya mata ƙashin ƙugu a 1994, daga baya aka sauya ɗayan, aka yi mata tiyatar tantanin murya a 1997 bayan ta riƙe wa Julie Andrews matsayi na wata guda a Victor/Victoria. A Oktoban 2000 kumburin ƙwaƙwalwa ya kayar da ita a Florida, likitoci suka ce da wuya ta sake tafiya ko magana daidai. Da darasin rawa da na murya kullum ta miƙe, ta koma dandamali a 2001, sannan matasan da ba su san Cabaret ba suka san ta a wasan barkwanci na talabijin Arrested Development daga 2003.

A Disamban 2008 ta buɗe wasa a gidan Palace na Broadway, inda Judy ta yi mako 19 daga 1951. Wanda ya san aikin zai ga yadda aka gyara shirin ya dace da mace mai shekara 62: an saukar da waƙoƙi ƙasa, an tsawaita hira don ta samu numfashi, an ajiye kujera a dandamali, a kashi na biyu kuma maza huɗu suka ɗauki nauyin rawa da amshi, aka farfaɗo da tsohon wasan Kay Thompson, wadda ta ƙare rayuwarta a gidan Liza a 1998. A wannan karon ta rera jerin waƙoƙin da uwarta ta rera game da gidan Palace ɗin. Wasan ya ci Tony a 2009.

A bikin Oscar na 2022, shekara 50 da fitowar Cabaret, aka turo ta a keken marasa lafiya don ta sanar da gwarzon fim tare da Lady Gaga. Takardun hannunta suka rikice mata, Gaga ta sunkuya ta kwantar mata da hankali, sannan Liza ta karanta sunan CODA. Daga baya abokinta mawaƙi Michael Feinstein ya ce sharaɗin da ta gindaya shi ne a zaunar da ita a kujerar darakta, sai dab da fitowa aka sauya shiri.